Dodo a Ɗakin Haya: Me Ya Sa Katun Ɗin Japan Ke Zaunar da Dodanni Cikin Mutane?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. 'Yata 'yar shekara 14 ta maƙale wa katun ɗin Japan a waya. Na leƙa na ga wata mai ƙaho da wutsiya tana shanya a gidan wata ma'aikaciya, a wani kuma wai sarkin shaiɗanu ne yake suyar dankali a gidan abinci. Me ya sa Japanawa suke son haɗa mutane da irin waɗannan halittu a gida ɗaya suna ta dariya? Labarin aljanu ne? Wanne zan iya bari ta kalla?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun da kika leƙa na gane su. Mai ƙahon nan da ke shanya sunanta Tohru, daga Miss Kobayashi's Dragon Maid, mai suyar dankalin kuma Maou ne na The Devil Is a Part-Timer. Na yi 'yan shekaru a Japan ina karatun harshe, tun daga lokacin nake bin anime, wato katun ɗinsu, da manga, littattafan labarin zane da yawancin katun ɗin ke fitowa daga cikinsu. Amsar za ta ɗan ja, ki yi haƙuri da ni.

A irin waɗannan labarai, gidan da dodon ya shigo ya fi dodon kansa ban dariya. Za a ɗauko halittar da in ta hura wuta sau ɗaya gari ya tashi, a ajiye ta a ɗaki mai faɗin tabarma shida, a ce mata yau ranar fitar da shara mai ƙonuwa ce, kar ki kuskura ki haɗa da kwalba. Sai ki ga duk ƙarfin nan ya zama banza a gaban ledar shara. Ban gane daɗin wannan barkwancin sosai ba sai da abin ya faɗo kaina. Ranar da na fara fitar da shara a gidan hayar da na zauna, komai na zuba a leda ɗaya yadda na saba, na ajiye inda na ga ana ajiyewa. Da na dawo da yamma an kwashe ta kowa, tawa kaɗai ce a tsugune, an manna mata takarda. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta fito, ba ta ɗaga murya ba, ta rusuna ta ba ni haƙuri, ita da ba ta yi laifin komai ba, sannan ta kwance ledar a gabana ta shiga ware robar ruwa gefe guda, murfinta gefe guda, takardar da ke jikinta gefe guda. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Rayuwar Bajapane cike take da ƙa'idojin da ba ya ganinsu saboda a cikinsu aka haife shi, sai baƙo ya taka ɗaya sannan ta bayyana. To wa ya fi dodo iya taka ƙa'ida?

Suna da wata kalma, isoro, wato mutumin da ya tare a gidan wani yana ci yana sha ba haya ba cefane, abin da mu za mu kira ɗan cin arziki, in an so a ci masa fuska a ce cima-zaune. Tun zamanin Edo, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, suke masa ba'a, har akwai tsohon baitin da ke cewa shi isoro in ya zo neman ƙari na uku, a hankali yake miƙa kwano. Mu mukan ce baƙo raɓa ne. Isoro raɓa ce da rana ta take tsaka ba ta bushe ba. Kusan duk finafinan da kike tambaya a kansu, in kika kankare fentin, labarin isoro ne, sai dai an yi wa baƙon ƙaho ko wutsiya.

Waɗanda suka kafa wannan tsari a manga su ne mazana biyu da suka yi aiki da suna ɗaya, Fujiko Fujio. A 1964 suka fito da Obake no Q-Taro, aka mai da shi katun na talabijin a 1965: fatalwa ce da ta fito daga cikin ƙwai ta tare a gidan wani yaro, tana iya tashi sama, tana iya ɓacewa, amma ba abin da ta ƙware a kai sai cin shinkafar gidan da tsoron kare. A 1969 Doraemon ya biyo baya. Shi na'ura ce mai siffar kyanwa daga ƙarni na 22, ba halittar tatsuniya ba, amma zaman iri ɗaya ne, har wurin kwanansa cikin kabad ɗin ajiye katifu ne.

Wadda ta ɗauke abin daga hannun yara ta miƙa wa samari ita ce Rumiko Takahashi, da Urusei Yatsura, wanda ta fara a mujallar Shonen Sunday a 1978 tana 'yar shekara ashirin da kaɗan. Katun ɗinsa ya fara a 1981, aka sake yin sabo a 2022. Wasu halittu masu ƙaho, oni, sun zo daga sararin samaniya za su ci duniya da yaƙi, amma suka ba da dama: in mutum ɗaya ya iya taɓa ƙahon 'yar shugabansu, Lum, cikin kwana goma, za su haƙura. Ƙuri'a ta faɗa kan Ataru, yaron da ya fi kowa rashin sa'a da kwaɗayin 'yan mata. Budurwarsa ta yi masa alkawarin aure in ya ci, da ya damƙi ƙahon sai ya kwarma ihu wai shi kam zai yi aure, Lum ta ɗauka ita ake nema, ta ce ta amince, ta tattaro ta tare. Duk lokacin da ya kalli wata sai ta ɗirka masa wutar lantarki. Mai kallo daga waje zai ga shirme kawai, Bajapane kuwa yana ganin wasa da al'adarsa. Wasan yara na tsere da kamu a harshensu sunansa oni-gokko, kwaikwayon oni. Ƙahon bijimi da fatar damisa mai ratsi da ake zana oni da su sun samo asali daga tsohon lissafin kusurwoyi, inda arewa maso gabas, ƙofar da suke cewa sharri ke shigowa ta nan, ake kiranta kusurwar bijimi da damisa. Kuma duk farkon Fabrairu, ranar bikin Setsubun, iyalai na watsa gasasshen waken suya suna cewa oni waje, alheri ciki. Takahashi ta ɗauko wanda ake kora da wake ta zaunar da shi a tsakar ɗaki yana jiran abincin dare. Daga wannan gidan ne galibin labaran “wata halitta ta faɗo gidan saurayi” suka fito, masu kyau da marasa kunya duka.

Yanzu ga tambayarki ta tsakiya, ko labarin aljanu ne. Masu fassara sukan juya kalmar yokai zuwa aljani, ni kuma ina ganin wannan fassarar tana ɓatar da mai kallo. Aljani a wurinmu maganar imani ce, da sura sukutum a Alƙur'ani, ba abin da uwa za ta saya wa ɗanta 'yar tsanarsa ba ne. Yokai a wurin Bajapanen yau ya fi kusa da Dodo da Gizo da Ƙoƙi na tatsuniya. Tun 1776 wani mai zane, Toriyama Sekien, ya buga littafin hotunansu ana saya don nishaɗi. A 1910 Kunio Yanagita ya tattara labaran da mutanen ƙauyukan Tono, a arewacin ƙasar, ke bayarwa a kansu. Bayan yaƙin duniya na biyu Shigeru Mizuki, wanda ya baro hannunsa na hagu a fagen yaƙi, ya zana su da hannu ɗaya a GeGeGe no Kitaro, aka fara katun ɗinsa a 1968. Yau in kika je garinsu, Sakaiminato, titi guda ne aka jera wa mutum-mutumin tagulla na waɗannan halittu, 'yan yawon buɗe ido na ɗaukar hoto da su.

Ki dubi halin halittun ma. Kappa mazaunin kogi ne, ana tsorata yara da shi kar su je ruwa su kaɗai, yana da ɗan faranti a tsakar kai mai ɗauke da ruwan da ƙarfinsa ke ciki. Yadda ake cin galabarsa shi ne a rusuna masa. Ladabi ba zai bar shi ya ƙi ramawa ba, yana rusunawa ruwan ya zube, shi ke nan. Dodon da gaisuwa ke kayarwa ai tun asali ɗan barkwanci ne. Kuma kokwamba yake so, har akwai naɗin shinkafa da kokwamba da ake kira da sunansa. Kitsune, yanyawar da ke rikiɗa ta zama mutum, an ce ba abin da take so kamar soyayyar awara, shi ya sa taliyar udon da aka ɗora wa soyayyar awara sunanta kitsune udon a kowane gidan abinci. Tanuki, wata dabba mai kama da ƙaramin kare mai baƙin zobe a ido, shi ma gwanin rikiɗa ne amma sakarai, mutum-mutuminsa da tumbi da tulun giya ake ajiyewa a ƙofar shaguna.

Har tatsuniyoyin aurensu sun bambanta da namu. Kin san tamu ta yarinyar da ta ƙi kowa ta ce sai marar tabo, har ta auro abin da ba mutum ba, aka sha wuya kafin a ƙwato ta. Tamu gargaɗi ce: ki yi hankali da baƙo. A tasu da ta fi shahara, tsuntsuwa ce irin gauraka da wani talaka ya ceta, ta dawo masa a siffar mace, tana saƙa masa zane da gashin jikinta, sharaɗinta ɗaya kar ya leƙa ɗakin saƙa. Ya leƙa, ta tashi ta tafi. A can baƙuwar ce mai alheri, ɗan Adam ne ya kasa riƙe alkawari. Al'ummar da ta tashi da irin wannan tatsuniyar ba za ta sha wuyar yarda da dodo mai shanya ba.

Sai dai ba zan ce miki babu addini a ciki ko kaɗan ba. Yanyawa tana da alaƙa da wuraren bautar Inari na addinin Shinto, waɗanda har gobe ake ziyarta, kuma a finafinai da yawa za ki ga ana tafa hannu a gaban wurin bauta, ko wani ɗan ƙaramin abin bauta na ƙauye ya fito a matsayin ɗan wasa. Ga kuma aron sunaye daga addinan da ba nasu ba. Kiristoci a Japan ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, Musulmi ba su kai haka ba, saboda haka sunan mala'ika ko na Shaiɗan a kunnen marubucinsu ado ne kawai, kamar sunan gwarzon tatsuniyar Girka. Maou ɗin da kika gani, kalmar asalinta daga littattafan addinin Buddha take, wasannin kwamfuta suka mai da ita laƙabin babban mugun da ake kashewa a ƙarshe, amma a cikin labarin har da sunan Satan ake kiransa. Akwai wani, Gabriel DropOut na 2017, da aka sa wa wata malalaciyar yarinya mai kwana wasan kwamfuta sunan mala'ika. Su ba da niyyar izgili suka yi ba, amma ni ba na iya kallonsa da daɗin rai, kuma ba zan ba 'yata shi ba.

Yadda ake ƙulla dariyar kuwa daga dandalin barkwancinsu na manzai aka ɗauko, wanda cibiyarsa Osaka ce. Mutum biyu ne: boke mai ɓaro zance, da tsukkomi mai kwaɓarsa nan take. A waɗannan finafinai dodo ne boke, ɗan Adam ne mai kwaɓa. Kuma boke mai kyau ba wawa ba ne, hankalinsa daidai yake, ƙa'idar garinsu ce daban.

Ki ɗauki Tohru. Kobayashi mai rubuta manhajar kwamfuta ce, tana zaune ita kaɗai, bayanta na ciwo saboda zaman kujera. Wani dare ta sha ta bugu ta ɓace cikin dutse, ta tarar da diragon, wato ƙaton dodo mai fuka-fuki da hura wuta, da takobi a soke a jiki, ta zare mata, ta ce in ba ki da wurin zuwa ki zo gidana. Da safe ta manta komai, tana buɗe ƙofa ta ga kan dodo ya cika mata gaba. Tohru ta rikiɗa ta zama budurwa ta ce ta zo aikatau. Wankinta na farko a baki ta yi shi, domin yawunta na cire datti, kuma a ganinta wannan gwaninta ce. Babbar karramawar da ta sani ita ce ta yanko naman wutsiyarta, wadda ke sake tsirowa, ta soya wa uwar ɗakinta, Kobayashi kuma kullum sai ta ture farantin. Wurin da na fi so shi ne bayan sun koma gida mafi faɗi, maƙwabta uku suka hana su sakat da ƙara, ɗaya girki, ɗaya kiɗa, ɗaya sassaƙa. Tohru ta je sulhu, abin ya rikice, ta fara tunanin gamawa da su gaba ɗaya. Kobayashi ta fito da ciwon kai ta tambayi kowa lokacin da yake gida da lokacin da ba ya nan, ta raba musu sa'o'i. Dodon da ya yi yaƙi da runduna ya tsaya yana kallon yadda jadawali ya kashe wutar da shi bai san yadda zai kashe ba sai da wata wutar.

Abin da ya ɗaga wannan fim sama da tsaransa shi ne Kanna, 'yar ƙaramar diragon da ta biyo Tohru, wadda ke soka wutsiyarta a soket ta yi caji. Da ta ga yara na tafiya makaranta ta ce ita ma tana so, sai ga Kobayashi, wadda ba ta taɓa shirin zama uwa ba, a shago tana zaro ido kan kuɗin jakar makaranta, daga baya tana kwana a ofis don ta samu ranar zuwa kallon wasannin makarantar yarinyar. Kyoto Animation ne suka yi shi a 2017, kamfanin da ya yi suna wajen zana ƙananan motsi, yadda yaro ke riƙe gefen rigar babba, yadda gajiyayye ke cire takalmi. A ranar 18 ga Yuli 2019 wani mutum ya cinna wa ɗakin aikinsu wuta, mutum 36 suka rasu, cikinsu har da daraktan fim ɗin, Yasuhiro Takemoto. Zango na biyu ya fito a 2021 a hannun Tatsuya Ishihara, kuma suka bar sunan marigayin a jerin masu aikin.

Shi kuwa mai suyar dankali, daga littafin Satoshi Wagahara na 2011 yake, katun ɗin 2013. An ci shi da yaƙi a duniyarsu, ya gudo ta wata ƙofa ya faɗo Tokiyo shi da babban kwamandansa, suka tarar babu inda za su samu tsafi a nan. Abin da suka fara yi shi ne rajistar zama, buɗe asusun banki da neman ɗaki. Suka samu mai tabarma shida a unguwar Sasazuka, kusan murabba'in mita goma, ko wurin wanka babu sai gidan wanka na kuɗi. Kwamandan da ya jagoranci runduna ya koma mai riƙe littafin cefane yana faɗa kan an yi ɓarnar kuɗi, jarumar da ta biyo su don ta kashe shi ta koma amsa wayar kwastomomi a wani kamfani. Shi kuma har yanzu yana nan kan bakansa na mallakar duniya, amma ta hanyar da ya gano a Japan: ya yi ƙoƙari a ɗauke shi ma'aikacin dindindin. Duk matashin Japan da ke aikin awa-awa ya san wannan burin, kuma ya san nisansa, shi ya sa dariyar take da ɗan ɗaci.

Wannan ya kawo ni kan dalilin da ya sa irin labaran suka yawaita a shekarun nan. Ƙidayar 2020 ta nuna kashi 38 cikin 100 na gidajen Japan mutum ɗaya ne a ciki. Mutuwa saboda yawan aiki har suna gare ta, karoshi, kuma sai a Afrilun 2019 dokar da ta ƙayyade aikin bayan tashi ta fara aiki, awa 45 a wata, 360 a shekara a bisa ƙa'ida. Yawancin waɗannan katun ɗin kuma da tsakar dare ake nuna su a talabijin, kashi 12 ko 13 a zango. Wa ke farke a lokacin? Wanda ya dawo a jirgin ƙasan ƙarshe ya buɗe ɗaki mai duhu. A zamanin Q-Taro baƙon yana shigowa gida ne mai uwa da uba da yara, ya ƙara musu hayaniya. Yanzu gidan da babu kowa yake shigowa, shi ne ma yake mai da shi gida. A wannan watan na Afrilun 2019 aka fara The Helpful Fox Senko-san, inda yanyawa 'yar shekara 800 ke jiran wani gajiyayyen ma'aikaci da abinci mai zafi. Ni wannan bai burge ni ba. Ana shafa wa mutumin mai ne kawai don gobe ya koma inda ake tatsarsa, labarin ba ya motsawa daga nan.

Wanda ya fi kaifin tunani a wurina shi ne Interviews with Monster Girls, shi ma na 2017. A nan ba a ɓoye halittun suke ba, hukuma ta san da su, 'yan makaranta ne kamar kowa. Hikari mai shan jini ce, gwamnati na ba ta leda ɗaya ta jini a wata, zafi ne ba ta iya jurewa. Machi kanta a rabe yake da jikinta, a hannu take ɗauke da shi, kuma abin da ya fi damunta shi ne 'yan ajinsu, don kawaici, sun ƙi ko ambaton maganar, kowa ya kau da kai, har ta rasa abokin wasa. Malamin ilimin halittu ya zauna ya tambaye su yadda rayuwarsu take, ya lura cewa yarinyar da hannuwanta ke riƙe da kai ba ta da hannun riƙe jaka, ya nema mata izinin goya jakar baya. Akwai malamar lissafi da jikinta ke jan hankalin maza ba da sonta ba, ta koma sa kayan motsa jiki masu kauri, tana hawa jirgin farko da na ƙarshe don kar ta shiga cunkoso. Dokar Japan da ta hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman ta fara aiki a Afrilun 2016, kuma duk wanda ya san muhawarar lokacin zai ji amonta a nan. Har labarin ya juyo kan malamin kansa, mataimakin shugaban makaranta ya tambaye shi ko yawan kulawarsa ba ta sa yaran sun dogara da shi kaɗai sun bar sauran ɗalibai ba.

Ni da na zauna can a matsayin baƙo, da wuya in kalli waɗannan ban tuna da baƙi 'yan Adam ba. A ƙarshen 2022 baƙin da ke zaune a Japan suka haura miliyan 3 a karon farko, kuma binciken da ma'aikatar shari'arsu ta fitar a 2017 ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na baƙin da suka nemi gidan haya an taɓa hana su don ba 'yan ƙasa ba ne. Wannan karatuna ne, ba na ɗora wa marubutan niyya. Amma na lura dodon da ake so a waɗannan labarai kullum shi ne wanda ya koyi rusunawa da ware shara. Da wuya ki ga mutanen unguwa sun sauya wani abu nasu saboda shi.

In kina son wanda ke babba za ki ji daɗinsa, ki nemi The Eccentric Family na 2013, daga littafin Tomihiko Morimi. A Kiyoto ake, tanuki da tengu, masu tashi sama na kan duwatsu, da mutane suna cuɗanya a gari ɗaya. Akwai tsohon tengu da bayansa ya lalace ba ya iya tashi, yana zaune a ɗan ɗakin haya a bayan kasuwa da girman kai da ƙin wanka. Akwai kuma ƙungiyar attajirai da duk ƙarshen shekara sai sun yi farfesun tanuki, kuma uban jaruman labarin a tukunyarsu ya ƙare. 'Ya'yansa suna gaisawa da waɗanda suka cinye shi. Ana dariya, amma ba a yi ƙaryar cewa zaman tare ba ya cin wani ba.

To, wanne za ki bar mata? Kar zanen ya ruɗe ki, manyan idanu da kalar alewa ba sa nufin na yara ne. Ki duba mujallar da manga ɗin ya fito: shonen ta samari ce, shojo ta 'yan mata, seinen ta manyan maza. Kobayashi da Interviews duk seinen ne. In kika ga an yi wa fim lamba da kalmar ecchi, wato mai wasan batsa, ko harem, wato 'yan mata da yawa a kan saurayi ɗaya, ki rufe. Monster Musume na 2015 shi ne babban misali: yana da dabarar yadda za a gyara gida don mai jikin maciji ko mai jikin doki, amma tsiraici ne jarinsa, ba na gidan da ke da yara ba ne.

Ga 'yar shekara 14, zaɓina na farko Natsume's Book of Friends ne, daga mujallar 'yan mata, wanda aka fara katun ɗinsa a 2008 har ya kai zango na bakwai a 2024. Maraya ne mai ganin yokai, ya gaji littafin da kakarsa ta ƙwace sunayensu ta rubuta, yana mayar wa kowa nasa, tare da wani ƙaton dodo da ya maƙale a siffar ƙatuwar kyanwa mai kwaɗayi. Babu tsiraici, sai dai kyanwar mashayiya ce, kuma akwai wuraren bautar Shinto da ya kamata ku yi magana a kansu. Squid Girl na 2010 ma ba laifi: 'yar teku ce ta fito cin duniya da yaƙi saboda ƙazantar da ake zuba musu, ta fasa bangon wata rumfar abinci, aka sa ta aikin kai faranti har ta biya, amma da yake a bakin teku ake, kayan wanka ba sa ƙarewa. My Neighbor Totoro na 1988 kowa na iya kallo har ƙannenta. Mai suyar dankali ba shi da yawan rashin kunya, maganar sunan ce kawai, wannan kuma ke za ki yanke.

Kobayashi da ta riga ta fara, duk da yabon da na yi masa, ba zan bar ta ita kaɗai da shi ba. Akwai wata diragon, Lucoa, da ake wasan banza da surar jikinta a gaban ƙaramin yaro, zango na biyu kuma ya ƙara wata irinta. In za ta ci gaba, ku kalla tare, yatsanki na kusa da allo. Kuma kar ki yanke hukunci da kashi na farko kaɗai, domin al'adarsu ce a tsakiyar zango a kai kowa bakin teku ko wurin wankan ruwan zafi, can ake sakin abin da aka ɓoye. A zangon farko na Kobayashi kashi na 7 ne, su da kansu sun rubuta a sunan kashin cewa na faranta wa masu kallo ido ne.